Baƙin Hunturu a Gonakin Shanono

Duk wanda ya ratsa ƙasar Shanono da damina, ya ga yadda gona ke manne da gona tun daga bakin hanya har iyakar ganinsa, dawa da gero da gyaɗa da wake sun rufe ƙasa, gidaje kuwa suna warwatse cikin shuka, kowanne da rumbunansa da kuka ko ɗorawa a ƙofarsa, lalle zai ce babu mutanen da suka kafu wuri guda kamar waɗannan, kuma ba zai yi tsammanin tarihinsu ya haɗu da na masu yawo cikin hamada ta kowace fuska ba. Amma idan aka yi girbi, aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, iskar arewa ta taso da hazonta, sai ƙasar nan da maƙwabtanta, Bagwai da Gwarzo da Tsanyawa har zuwa iyakar Katsina, ta koma masauki. Kuma shekaru ɗaruruwa baƙin da arewacin Kano ke saukarwa a wannan lokaci mutane ne waɗanda gidansu ke tafiya tare da su, waɗansu bisa raƙumi, waɗansu bisa takarkari. Zaman da manomin wannan yanki ya yi a gona guda, kaka da kakanni, yana noma ta kowace shekara ba tare da ya bar ta ta huta ba, ya dogara ƙwarai bisa zuwan waɗannan baƙi, har ba shi yiwuwa a ba da tarihinsa a bar nasu.

Hamada tana da lokacin da take buɗewa da lokacin da take rufewa. Da bazara zafi yakan ƙafar da salka tun ba a kai rijiya ta gaba ba, raƙumi kuma ya rame, ba ya jure kwanaki da yawa babu ruwa; amma daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, sa'ad da dabba ta ƙoshi da ciyawar damina, rana kuma ta rage kaifi, tafiyar da take halaka a wata huɗu na baya sai ta zama mai yiwuwa ga mai shiri. Larabawan Makka ma sun tsara fataucinsu bisa yanayi, kamar yadda Suratu Ƙuraishi ta ambaci tafiyarsu ta hunturu da ta bazara, malaman tafsiri kuwa suka ce ta hunturu zuwa Yaman ce, ta bazara zuwa Sham. A ƙasarmu, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yakubu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, Asbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Magajinsa Muhammadu Rumfa shi ya kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya iso Kano ta wannan hanya ta Asbin. Hanya guda ce ta kawo gishiri da littattafai.

Gishirin nan ba a Asbin ake samunsa ba. Yana can gabas a Kawar, tsakaninsa da duwatsun Asbin kuwa akwai Tenere, rairayi zalla, inda mutum zai yi kwanaki bai ga itace ko ciyawa ba. Daga Agadas zuwa Bilma kimanin kilomita 600 ne. Mutanen Bilma da Faci, galibinsu Barebari, Allah ya ba su gishiri da dabino, amma ƙasarsu ba ta yin hatsin da zai riƙe su, saboda haka rayuwarsu tana rataye ga geron da za a kawo musu daga kudu. Suna haƙa ramuka a Kalala, kusa da Bilma, ruwan gishiri ya tsattsafo, rana ta ƙafar da shi, su kwashe. Mai tsabta su ware shi, shi ne beza na miya, saura kuwa su cuɗa shi, su zuba a mazubi, ya bushe ya fito kantu, wanda dabbobi ke lasa. Masu raƙuma su ne Abzinawa, musamman Kel Ewey na cikin duwatsu da Kel Geres na kudu, su ne suka ɗauki nauyin haɗa mai gishiri da mai gero, alhali tsakanin su biyun akwai tafiyar wata da watanni.

Wajen watan Oktoba ake tashi. Kafin nan an yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaurewa, domin babu abin da raƙumi zai ci cikin Tenere sai abin da ya ɗauko a bayansa, har akan ajiye waɗansu dammunan cikin rairayi a wuraren da aka sani, saboda komowa. Raƙuma suna jere, akalar kowanne ɗaure da na gabansa, madugu yana gaba yana duban rana da taurari da yadda iska ta kwantar da rairayi. Ana kama hanya tun da sassafe, ba a sauka sai dare ya yi nisa, kuma ba a tsayawa don cin abinci, gama tsayuwar ayari mai kaya wahala ce ga dabbobi. Sai a dama gero da dabino da cuku, yaro ya bi layi yana miƙa wa kowa, ana sha ana tafiya. Salla kuwa da taimama ake yinta, domin ruwan da ke cikin salka na rai ne. Idan aka sauka, sanyin dare ya sauko, irin wanda ke tsaga leɓe da dunduniya, sai a jera kaya ta wajen da iska ke busowa, mutum ya kwanta bayansu ya lulluɓa. Gidan ɗan ayari ke nan: kayansa su ne katangarsa, da safe kuma ya ɗora katangar bisa raƙumi ya wuce. Tanti yana can Asbin hannun mata, gama a al'adarsu tanti na mace ne, su ke tsare gida da awaki har mazaje su komo. A farkon zamanin Faransa an ƙidaya ayari guda mai raƙuma wajen 20,000, wanda ya nuna girman wannan sha'ani tun ba a zo ga motoci ba.

Komowa daga Bilma rabin aiki ne kawai. Bayan an ɗan huta a Asbin, raƙuma sun farfaɗo, sai a sake ɗaura kaya a fuskanci kudu, ta Damargu, waɗansu su bi Damagaram, waɗansu Tasawa, a shigo ƙasar Katsina da ta Kano cikin tsakiyar ɗari. Muna da shaidar wanda ya gani da idonsa. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya bar Asbin a watan Disamba na 1850 tare da ayarin gishiri na Kel Ewey, cikin kariyar shugabansu Annur, ya biyo ta Tasawa da Gazawa da Katsina, sa'an nan ya ɗauki hanyar Kusada da Bichi, wadda ta bi ta arewa da ƙasar Shanono, ya shiga Kano a farkon Fabrairu na 1851. Ya yaba kyan ƙasar da ya ratsa tsakanin Katsina da Kano, da yawan itatuwanta da gonakinta da garken shanunta. Ya kuma kimanta mazaunan birnin Kano da 30,000, amma ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da baƙi ke cika gari, sukan kai wajen 60,000. Ashe rabin mutanen da ke cikin birni da rani baƙi ne. In kuwa haka birni yake, mai ganuwa da ƙofofi, to karkara, inda dabbobin baƙin nan ke kiwo, ta fi shi ganinsu.

Abin da ya fi jan hankalina cikin labarinsa shi ne abin da ya faɗa game da Bichi. Ya tarar wani sashe na garin yana hannun Abzinawa na ƙabilar Itesan, Bugajensu suna zaune a nan suna noma musu gonakin da ke kewaye. Watau mutanen hamada sun mallaki gonaki a tsakiyar ƙasar Kano, tafiyar yini guda daga Shanono, domin su tabbatar da geron da za su kai Bilma da wanda iyalinsu za su ci a Asbin, su kuma sami inda raƙumansu za su ci rani. Wannan ya isa ya nuna cewa zuwan nasu tsari ne tsayayye, mai gidaje da wakilai da amana, wanda aka gada daga uba zuwa ɗa.

Ga yadda saukar take a ƙauye. Idan ayari ya kusato, yakan rarrabu ƙungiya ƙungiya, gama babu ƙasar da za ta ciyar da dubban raƙuma wuri guda, kowace ƙungiya ta nufi inda ta saba. Dattijonsu ya je ya gai da dagaci ko mai unguwa, ya nemi mai masaukinsa na bara, a yi ta gaisuwa, yaya hanya, yaya mutanen Asbin, ya miƙa ɗan dabino da beza, shi kuwa mai gida ya sa a kawo fura. Sa'an nan mai gona ya kai su inda shuka ta yi rauni a damina, ya ce a nan yake so su kwana. A nan za su sauke kantu su jera, su hura wuta da kara, su dabaibaye raƙuma. Da rana samari su kora su su ci gawo da aduwa da magarya da sauran ƙaya, da dare a komo da su su kwanta a gona, bayan 'yan kwanaki kuma a matsa gaba kaɗan, har takin ya game wurin. Mai gona yakan saka da dami ko tuwon dare, domin ya san abin da aka bar masa. A nan ne hikimar barin gawo cikin gona take bayyana, gama itace ne da ke kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuwa, sa'ad da kome ya bushe, shi ne ke fid da ganye da 'ya'ya, dabba ta taru ƙarƙashinsa ta ci ta yi kashi. Manomin da ya bar gawo a gonarsa ya tanadi abincin baƙonsa tun baƙon bai zo ba.

Watanni suke yi a haka. Suna kai kantu da dabino kasuwannin ƙauye, dillalai suna shiga tsakani, Fulani da masu kiwon gida suna saye. Su kuma suna tara gero, da turkuɗin Kura wanda Ba'abzine ba ya jin ya cika mutum sai ya naɗa shi, da takalma da kayan fata da sauran abin da duwatsunsu ba su da shi. Tsakanin haka raƙuma ba su zaman banza, ana hayarsu ɗaukar hatsi daga wannan kasuwa zuwa waccan, daga baya kuma, zamanin Turawa, ɗaukar gyaɗa zuwa wurin awo. Da hadari ya fara haɗuwa sai su ɗaura, domin raƙumi ba ya son laima da ƙudan damina, mai gona kuma yana bukatar gonarsa. Ba a korar kowa. Lokaci ne ke sallamar baƙo. Su ma 'yan ƙasa ba duka ke zaune ba a wannan lokaci, gama da yawa sun tafi cin rani, waɗansu fatauci da jakuna har Gwanja neman goro, waɗansu almajiranci gabas, har ya zama da rani kusan kowa a ƙasar Hausa ko baƙo ne ko mai masauki.

Amma masu gida a bayan dabba na haƙiƙa su ne Fulanin daji, domin su da iyali suke tafiya. Ranar tashi, mata su kwance bukka, su naɗe tabarmi, su ɗaure ƙore cikin ragarsu, a ɗora bisa takarkari tare da turmi da 'yan yara da ɗan maraƙin da bai iya tafiya ba. Inda aka sauka kuwa, kafin rana ta faɗi, an kafa sanduna an lanƙwasa, an rufe da kara ko ciyawa, an ɗaure maruƙa a igiyarsu, hayaƙi ya tashi. Da kaka suke shigowa gonakin da aka girbe, shanu su ci kara da karmami da abin da ya saura na harawa, su bar taki, matan su shiga gidaje da nono da man shanu su fito da hatsi. In ruwa ya janye su gangara kudu ko fadama. Suratun Nahli ta lissafa gidajen fatu masu sauƙin ɗauka ranar tafiya da ranar zama cikin ni'imomin Allah, daidai da gidajen gini, kuma ina ganin malaman ƙauyukanmu da suka karantar da wannan sura suna da misalinta a bayan gari kowace shekara.

Malaman fiƙihu ma ba su bar wannan al'amari ba, kuma yana da kyau a tsaya a kansa kaɗan, domin yana nuna yadda shari'a ta ɗauki irin wannan rayuwa da muhimmanci. Kowane ɗalibin Risala ya san cewa ƙasaru tana halatta ga wanda ya nufi tafiyar baridi huɗu, watau mil 48, kuma tana yankewa idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu. To, yaya hukuncin wanda gidansa ke tafiya tare da shi? Muhtasar na Shehu Halilu ya warware: mazaunin tanti yana fara ƙasaru idan ya wuce tantunan mutanensa, kamar yadda ɗan birni ke farawa idan ya wuce gine-gine da lambunan garinsu, matuƙin jirgin ruwa yana ƙasaru ko da iyalinsa na cikin jirgin, amma mai neman makiyaya, wanda zai tsaya duk inda ya sami ciyawa, ba ya ƙasaru sai in ya san zai yanke nisan kafin ya same ta. Bisa wannan, ɗan ayarin Bilma matafiyi ne har ya sauka a gonar mai masaukinsa da niyyar zama, sa'an nan ya cika salla tare da jama'ar ƙauyen. Bafillace mai bin ciyawa kuwa galibi mazauni ne a hukunci, ko da kullum yana tafe, gama rugarsa ita ce garinsa. Malaman da suka rarrabe tsakanin waɗannan ba su ɗauki mai tanti a kan ɓataccen da za a komo da shi gari ba. Sun ba shi matsayinsa, sun kuma karɓi zakkar dabbobinsa.

Ba zan ce zamanin nan duka alheri ne ba. Hanyar da ta kawo gishiri ta tafi da bayi, Bugajen da Barth ya gani a Bichi kuwa ba da son ransu suke noma wa iyayengijinsu ba. An yi ɓarna a gonaki, an yi shari'u gaban alƙalai, an yi shekarun da masu raƙuma suka zo da takobi. Sai dai ƙasar Kano ta haɗiye da yawa daga cikin baƙin nan ta mai da su nata. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga mutanen da suka fito daga hannun Abzinawa suka zauna a karkarar Katsina da Kano, sun zama manyan fataken goro a ƙarni na 19, kuma daga Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya zama mafi girman attajiran Kano a zamaninsa.

Raunin wannan tsari ya faro ne da zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gishirin teku da tufafin Ingila suka shigo ta kudu da arha, fataucin hamada zuwa Turabulus ya mutu. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ci mutane da dabbobi. Sa'an nan a watan Disamba na 1916 wani jagoran Abzinawa mai suna Kawsan ya kewaye barikin Faransa a Agadas tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama, har zuwa Maris na 1917 da rundunar Faransa ta iso daga Damagaram. Abin da ya biyo baya na kisa, har da malaman Agadas, da ƙwace raƙuma da korar jama'a daga duwatsu, ya kusa share Asbin, mutane da yawa suka gudo ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, waɗansu ba su koma ba har abada. Duk da haka ayarin gishiri ya farfaɗo, domin har yanzu shanu suna son kantu, Bilma kuma tana son gero.

Cikin waɗannan shekaru ne wani sabon irin baƙon hunturu ya bayyana. Motoci biyar na kamfanin Citroën sun tashi daga Tugurt a Aljeriya a watan Disamba na 1922, suka shiga Tambutu a Janairu na 1923. Cikin shekarun 1930 kamfanin SATT ya riƙa jigilar fasinja daga birnin Aljas ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram har Kano, kuma hukumar Faransa takan rufe hanyar da zafi, ta buɗe ta da sanyi, watau ta koma bisa lissafin da madugai suka sani tun da daɗewa. A ranar 11 ga Disamba 1934 waɗansu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron, suka bar Landan bisa babur mai akwati a gefe, yana jan 'yar tirela mai ɗauke da tantinsu; injin ya lalace suka yi zaman jiran kayan gyara a Agadas, suka biyo ta Kano, suka kai ƙarshen Afirka ta Kudu a Yuli na 1935. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma iyalai daga Ingila suka riƙa sayen tsofaffin motocin soja, su shirya gado da murhu a ciki, su ratso hamada zuwa Kano kan hanyarsu ta ƙaura zuwa kudancin Afirka. Daga baya abin ya zama yawon shaƙatawa, musamman bayan da aka fara tseren motoci na Faris zuwa Dakar a ƙarshen Disamba na 1978, Agadas ta cika da Turawa kowane hunturu, 'ya'yan madugai suka zama masu yi musu ja-gora cikin Tenere. Tawayen Abzinawa na shekarun 1990, da sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya a 2003, da tawaye na biyu a 2007, suka kashe wannan kasuwa. Tseren ma aka soke shi a 2008, aka mai da shi Amurka ta Kudu a shekara mai bi.

Al'adar baƙuncin hunturu ba ta mutu ba a inda akwai aminci. A Amurka, tsofaffi da suka bar aiki sukan gudo daga ƙanƙarar arewa cikin motoci masu ɗaki, da gado da madafa da makewayi da tankin ruwa, su sauka a hamadar Arizona, kewayen wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite, inda hukuma ta keɓe filaye ta ba da izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Garin da mazaunansa 'yan dubbai ne sai ya cika maƙil, a ci kasuwar duwatsu masu daraja, da zafi ya taso kowa ya koma. Turawan Faransa da Jamus suna yin haka a kudancin Maroko. Ban ga laifin wanda ya yi aiki shekara arba'in ya nemi rana a tsufansa ba, kuma cikinsu akwai waɗanda motar ita ce iyakar abin da suka mallaka, tsadar haya ta fid da su daga gida. Bambancin da nake gani shi ne, mota mai ɗaki an ƙera ta domin mai ita ya wadatu da kansa, ya zo da ruwansa da wutarsa, ya biya kuɗin fili ya tashi. Ɗan ayari kuwa ba shi da ikon wadatuwa da kansa, dole ya san sunan mai gona, mai gona ya san nasa, kuma wannan bukatar juna ita ce ta tsare su duka biyu.

Abin da ya karya ta a ƙasarmu ya zo ta fuskoki da yawa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 ya kashe raƙuma da shanu ba adadi, ya mai da masu garke masu gadi a birane. Manyan motoci suka shiga ɗaukar gishiri da dabino; wata babbar mota ce ma ta kaɓe itaciyar Tenere a 1973, ƙayar nan guda da ayari ke auna hanya da ita, wadda gangar jikinta ke ajiye a gidan tarihi na Yamai. A nan gida kuwa takin zamani ya shigo da rangwamen gwamnati cikin shekarun 1970, manomi ya ga kamar ya daina bukatar garke. Jama'a ta yawaita, gonaki suka rarrabu wajen gado, kowa ya shiga kiwon tumaki da shanun huɗa a gida, saboda haka kara da harawa, waɗanda dā ake bari a gona don baƙo, yanzu akan tattara su a ɗora bisa itace ko a sayar. Madatsun ruwa, irin ta Watari a ƙasar Bagwai, sun kawo noman rani, wanda alheri ne babba, amma fadamar da dabba ke sha da rani ta zama lambun albasa da tumatir. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 da yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1998 kan zirga-zirgar makiyaya suna nan a rubuce, burtali kuwa yana ta ƙanƙancewa, kowane mai gona yana cin taku guda a shekara. Ga kuma masifar 'yan bindiga da ta addabi ƙasar Katsina har ta taɓa ƙauyukan iyaka, ta sa duk baƙon da aka hango da dabbobi ana dubansa da tsoro, mai laifi da marar laifi, kuma ba mai iya zargin wanda aka kashe wa ɗan'uwa in ya rufe ƙofarsa.

Har yanzu akan ga raƙuman Nijar da rani a arewacin Kano, ana kuma samun kantu a kasuwannin dabbobi, ko da yake galibi mota ce ta kawo shi. Ƙasar Shanono jigawa ce mai rairayi a wurare da yawa, kuma manomanta sun sani sarai cewa takin buhu yana ciyar da shukar bana ne, takin dabba kuwa yana gyara ƙasar kanta har shekaru biyu ko uku, yana sa ta riƙe laima. Tun da farashin buhu ya fi ƙarfin talaka, masu hali suna sayen takin gida amalanke amalanke, abin da kakanninsu ke samu da dami guda da tuwon dare. A ganina aikin da ke gaban hakimai da dagatai da ardo-ardo shi ne su mai da saukar baƙo hannun mai masauki sananne, wanda zai tsaya masa ya kuma amsa laifinsa, su auna burtalin da ya saura su kafa masa alama, su kuma sanya ranar da za a gama kwashe amfani kafin garke ya shigo, kamar yadda ake shelantawa a Nijar kowace kaka.